Monkey Island: gyaran 2009 ya inganta wasan ne ko ɓata shi ya yi?

Bashir: Jama'a, zan faɗi wata magana ko da za a yi mini ca. Wasan kwamfutar nan, The Secret of Monkey Island, da kamfanin LucasArts suka sake fitarwa a 2009, wanda suka kira Special Edition, ɓata wasan aka yi. Na 1990 ya fi shi nesa ba kusa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Zainab: Haba Yaya Bashir, me aka ɓata? Labarin yana nan yadda yake. Guybrush Threepwood ya iso tsibirin Mêlée yana son zama ɗan fashin teku, aka ba shi gwaji uku, fatalwar nan LeChuck ya sace gwamna Elaine Marley. Yadda ake warware kowace matsala ma ba a taɓa ba. Zane aka sake, aka sa murya, aka sake naɗar kiɗan Michael Land da kayan kiɗa na gaske.

Bashir: To ai zanen ne matsalar farko. Kin dubi gashin da suka ɗora wa Guybrush? Amma bar wannan. A tsohon, kalmomin aiki suna jere a ƙasan allo: buɗe, ɗauka, tura, ja, yi magana da. Kayanka ma kana ganinsu a gefe. Ka latsa kalma, ka latsa abu, shi ke nan. A na 2009 duk an ɓoye su, sai ka danna maɓalli kafin su fito, saboda ana so ya yi aiki a Xbox 360 da iPhone. Je ki gwada wurin da ake ɗaukar giyar grog daga mashaya zuwa kurkuku don a narkar da makullin ɗakin fursunan nan Otis. Giyar tana cinye kofi, dole ki riƙa juyewa daga wannan zuwa wancan da sauri. A sabon, kafin ki buɗe jakar kaya ki zaɓi kofi, ya narke.

Nura: Wallahi wannan gaskiya ne, wurin nan ya ba ni wuya a kwamfuta. Amma ai maɓallin F10 kawai za ka danna ya koma tsohon zane nan take, a daidai inda kake tsaye.

Kawu Idi: Bashir, tambaya ɗaya. Wane "tsohon" kake nufi? Wanda ya fito a 1990 kala 16 ne kacal, a faifan fulofi, kalmomin aiki 12, kayan da ka tara kuma sunayensu ake rubutawa, ba hoto. Daga baya aka fitar da mai kala 256. Sai na CD a 1992, inda aka rage kalmomin suka koma 9, kaya suka zama hotuna. Har barkwanci aka cire. A na fulofi akwai wani kututture a daji, idan ka leƙa sai wasan ya ce ka saka faifai na 22, alhali babu shi. Mutane suka ɗauka da gaske, aka cire shi a na CD. Abin da F10 ke nuna maka na CD ɗin ne. Yawancin masu rantsuwa da "asali" ba su taɓa ganin zanen Mark Ferrari mai kala 16 ba.

Bashir: Kawu, da girmanka, waɗancan duk 'yan gida ɗaya ne, zamani ɗaya, yadda ake buga su ɗaya. Ƙarin kala daban, canza yadda hannunka ke aiki daban. Sannan ga murya. Waɗanda suka tsara wasan, Ron Gilbert da Tim Schafer da Dave Grossman, don karatu suka rubuta barkwancin nan. Faɗan takobi da ake yi da baƙar magana, daɗinsa ka karanta zagin, ka zaɓo amsar da kanka. Idan aka karanta maka a hankali, sai ya huce.

Zainab: A nan kam ban yarda ba sam. Dominic Armato ne muryar Guybrush tun The Curse of Monkey Island na 1997, mu da shi muka san shi. Laifin da zan ba su ɗaya: idan ka koma tsohon zane, muryar ta ɗauke. Kuma sun gyara hakan a 2010 da suka sabunta na biyun, LeChuck's Revenge, har da sharhin mutum ukun da ka lissafa a ciki.

Nura: Kenan Yaya Bashir, na 2010 ka yafe masa?

Bashir: Ya fi dama-dama. Ban ce na yafe ba.

Kawu Idi: Shi mai abin ma ba ya tare da kai. Da Gilbert ya dawo da Return to Monkey Island a 2022, ƙin yin tsohon zane ya yi, ya ɗauko Rex Crowle ya yi wani salo dabam. Hujjarsa ita ce na farko da na biyu ba don ƙawa aka yi su da 'yan ɗigo-ɗigo ba, iyakar fasahar lokacin kenan. Masu ra'ayi irin naka suka yi ta zaginsa har ya ce ya daina maganar wasan a shafinsa.

Bashir: A'a Kawu, kar a haɗa ni da masu zagi. Sabon wasa ya zana shi yadda ya ga dama, haƙƙinsa ne. Ni maganata a kan shafa wa tsohon fenti ce.

Zainab: Fentin nan dai shi ya sa ake samunsa a shagunan sayar da wasanni na intanet, Steam da GOG, yau. In ba don shi ba, a ina ƙannenmu za su saya?

Nura: Ni dai ku ba ni amsa, ƙanwata ke son farawa. Wanne zan ɗora mata?

Bashir: Sayi na 2009 ɗin tunda shi ke kasuwa. Da ya buɗe ka danna F10, ka hana ta taɓa maɓallin.

Zainab: Ka bar yarinya ta danna abinta, Nura.