Tsohon Doki: In Ka Karɓi Kuɗi, Da Sauran Ruwanka?

Wannan gardama ta tashi ne a zauren WhatsApp na masu dawakin Katsina da Daura, wani dare bayan isha'i. An bar kowa da laƙabin da zaure ya san shi da shi.

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, shawara nake nema. Kun san akawal ɗin marigayi Baba, baƙin dokin nan da yake fita da shi Hawan Sarki. Bana shekararsa 19, don yana dukushi aka sayo shi, a gabanmu ya zubar da haƙoran nono. An yi mani canjin wurin aiki zuwa Abuja, ƙannena duk 'yan makaranta ne, harawa kuma kun san yadda ta koma. Mutum biyu sun taya. Na farko malamin makaranta ne a wajen Batagarawa, yana son yaransa su koyi hawa. Na biyu wani dillali ya kawo shi, ya ɗora dubu 150 a kan tayin malamin. Abin da ya tsaya mani a rai, bai hau dokin ba, bai buɗe bakinsa ba, zagaya shi kawai ya yi yana duban cinya. Hajiya ta ce kada in sallama mashi.

Baba Dillali: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gaida Hajiya, amma ciniki ba da tausayi ake yinsa ba. Doki dukiya ne, kamar sa, kamar rago. Ranar da ka karɓi kuɗi ka miƙa ragama, ruwanka ya ƙare. Ba ɗiya za ka aurar ba balle ka tura a binciko asali. Ka sallama wa wanda ya fi tsoka.

Dokta: Baba, wanda ya fi tsokar nan, tsokar ya zo saye. Duk mai neman dokin hawa, baki yake fara buɗewa, sannan ya sa a ja mashi dokin ya ga tafiya, sannan ya ɗaga kofato. Wanda ya tsaya duban cinya da faɗin baya, nauyi yake aunawa da ido. Kun fi ni sanin motocin da ake lodi a Mai'aduwa ranar Lahadi da Maigatari ranar Alhamis. Da yawansu kudu suke nufa, irin su Obollo-Afor ta jihar Inugu, inda ake yanka dawaki. Tafiyar fiye da kwana guda ce a tsaye a bayan tirela, kuma tsohon doki ne farkon durƙushewa.

Baba Dillali: To in ma can ɗin ne, sai me? Ni na aike shi? Mai kuɗi ya saya, ya yi yadda ya so da abinsa.

Kawu na Daura: Haba Alhaji. Dokin da ya ɗauki mahaifin yaron nan shekara goma sha yana kai shi Ƙofar Soro gaisuwa, shi za a jefa a tirela da jakuna? A ƙasar da Sarki Dikko ya kawo wasan folo, ɗansa Usman Nagogo kuma ya riƙe shi har ƙarshen mulkinsa a 1981? Mu da muka tashi muka ga ana kiran doki da suna kamar ɗa?

Baba Dillali: Kawu, ai Sarki ka ambata. Sarki yana da shamaki, yana da barga, yana da rumbu. Wannan yaro albashi yake jira. Kada mu ɗora mashi kayan da ba nasa ba.

Autan Zaure: Ni fa a ba ni shi kawai. Hawan angwanci yana ci yanzu, kowace Asabar sai an nemi doki, ga akawal yana fita a hoto.

Kawu na Daura: Auta, irinku masu ba da hayar doki ne ma dalilin da ya sa na sa baki. Bari in ba ku labarin da ba na son tunawa. Ina da wani doki kili, na yi Sallar Gani da shi ba sau biyar ba, ba sau shida ba, Hawan Magajiya kuwa ba a magana. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai na sayar wa wani mai ba da haya, ya rantse mani cewa yara kawai za a riƙa ɗorawa. Bayan wata takwas na gamu da shi a hanya, ƙato biyu a bayansa, ana sukuwa a kan kwalta. Da aka sauke sirdi, gyambo ne a gadon bayansa kamar tafin hannuna, ƙuda ya baibaye. Na kira sunansa ya ɗago kai. Wallahi da bai gane ni ba da ya fi mani sauƙi.

Autan Zaure: Allah ya huci zuciyarka Kawu, amma ba dukanmu muka taru muka zama ɗaya ba. Nawa uku ne, ka zo ka gani, ko wanne sai sheƙi yake.

Dokta: Naka matasa ne, Auta. Doki yana iya kai shekara 25 har 30 in ya samu kula, don haka akawal ɗin nan bai ƙare ba. Zai yi kilisa da yamma, zai koya wa yaro zama a sirdi, kuma a wannan aikin ya fi ingarma ɗan shekara biyar nesa ba kusa ba, don ya ji tambura ya ji bindiga, ba abin da ke firgita shi. Abin da ba zai iya ba shi ne sukuwa da zamiya a ƙasa mai tauri. Gaɓoɓinsa ba za su ɗauka ba.

Baba Dillali: To a ce shekararsa 12 mana, kasuwa ta buɗe. Wa zai sani?

Dokta: Baba kai ma wasa kake. Bakinsa zai tona. A haƙorin gefe na sama akwai wata tsaga da ke fitowa daga dasashi wajen shekara 10, tana kai rabin haƙori a 15, tana kai ƙasa a 20. Na 19 tasa ta kusa kai ƙarshe, haƙoran kuma sun miƙe gaba. Wanda bai san wannan ba shi za a cuta, kuma shi ne zai sa dokin aikin ɗan 12 har ya kassara shi. Haka masu yi wa doki allurar kashe zafi da safe don ya ɓoye ɗingishi a kasuwa. Kwana biyu ƙafar ta dawo, mai saye ya fusata, sai ka ga dokin a motar kudu.

Baba Dillali: Wasa nake, Dokta. Shekara talatin ina wannan sana'a ban taɓa rage wa doki shekara ba. Ƙara wa ɗan ƙarami dai, to, Allah ya yafe mana.

Ɗan Ƙofar Sauri: To idan na sayar wa malamin, muka rubuta takarda cewa ba zai taɓa sayar da shi ba sai dai ya dawo mani da shi fa? Allah gafarta Malam, na ga kana karantawa ba ka ce komai ba.

Malam na Ƙofar Marusa: Ina sauraro ne. Ɓoye aibi dai ba gardama, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Amma a kan sharaɗin nan, Alhaji ya fi ku kusa da gaskiya. A mazhabarmu ta Malikiyya, in ka sayar wa mutum abu bisa sharaɗin kada ya sayar, kada ya kyautar, ka ɓata cinikin, domin ka hana shi abin da ya biya kuɗi dominsa. Sai an janye sharaɗin ciniki yake tsayawa. Kana iya roƙonsa in zai rabu da shi ya fara sanar da kai, wannan alkawarin mutunci ne, ba igiya ba ce.

Baba Dillali: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Kun ji ko.

Malam na Ƙofar Marusa: Tsaya Alhaji, ban sauke ba. Ka ce bayan ciniki ba ruwansa, haka ne. Amma yanzu ai ba a yi cinikin ba. Ragama tana hannunsa, mutum biyu suna gabansa, shi zai zaɓa, kuma ya riga ya fahimci inda ɗayan zai kai dokin. Sannan mashahurin zance a mazhabarmu shi ne haramcin cin naman doki, Imamu Malik ya kafa hujja da ayar Suratun Nahli da ta ce an halicci dawaki da alfadarai da jakuna don hawa da ado. Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta, da hadisin Asma'u 'yar Abubakar cewa sun yanka doki a zamanin Annabi suka ci. Saɓani ne na malamai, ban ce a zagi kowa ba.

Kawu na Daura: To ya ba malamin kyauta mana, ladan ya je wa marigayi.

Malam na Ƙofar Marusa: Nan ma da abin lura. Sayyidina Umar ya taɓa ba da doki fi sabilillahi, wanda aka ba ya wulaƙanta shi, Umar ya so ya saye shi da araha, Annabi ya hana shi komawa cikin sadakarsa. In ka ba da sadaka ka ga ana azabtar da shi, hannunka a ɗaure yake. Abin da zai bar maka iko shi ne aro. Doki naka, yana turken malamin, yaransa na hawa, shi ke ciyarwa. Ranar da ka ga abin da bai yi maka ba, ka kwance abinka.

Baba Dillali: Aro! Malam, aro shi ke raba zumunci. In ciwon ciki ya kama shi cikin dare ya mutu, wa zai biya?

Malam na Ƙofar Marusa: Dabba ba abin da ake ɓoyewa a aljihu ba ce. In ta mutu ba da sakacin mai aro ba, ba ya biya. A rubuta, a sa shaidu biyu, a faɗi wa ke sayen magani.

Baba Dillali: To ku bari in faɗi wadda ba ku son ji. Duk kun ɗauka malamin makarantar nan aljanna ce don ya yi magana mai daɗi. Ni na sha ganin irinsu. Da kaka suke sayen doki, harawa na araha, kowa na murna. Ku je a watan Mayu, ruwa bai sauka ba, dami ya yi tsada, albashi ya ƙare ranar goma ga wata. Za ku tarar da doki a turke cikin rana yana cin kashinsa, haƙarƙari a waje kamar tsani. Wata shida yana mutuwa a hankali. Ku gaya mani tsakani da Allah, wannan da wuƙar kwana ɗaya, wanne ya fi? So ba ya sayen dusa.

Kawu na Daura: Wannan kam ba ni da amsarta.

Dokta: Ni ma na yarda, na fi ganin irin wannan a aikina fiye da komai. Shi ya sa ba a zaɓar gida ta waya. Ƙanena, ka taka ka je da kanka. Dokin kilo 350 yana buƙatar kusan kilo 7 na busasshiyar ciyawa ko harawa kullum, ban da dusa da hatsi, ruwa kuma lita 30 ko fiye in zafi ya tsananta. Ka tambaye shi ina rumbun harawarsa, nomawa yake ko saye. Ka duba turken, da inuwa ko babu, ƙasar a bushe take ko fitsari ya jiƙa ta, don shi ke ruɓar da kofato. In yana da tumaki ko akuyoyi ka dube su da kyau, yadda ka gan su haka za ka ga dokinka bayan shekara. Ka kuma gaya mashi gaskiya cewa tsohon doki ya fi matashi tsadar riƙo. Turamen haƙoransa suna yin kaifi su yanke kumatu, sai ka ga yana tauna harawa yana zubarwa dunƙule-dunƙule, hatsi na fita a kashi yadda ya shiga. Sai an goge haƙoran kamar sau ɗaya a shekara, a riƙa jiƙa mashi dusa. In malamin ya ji duk wannan bai ja da baya ba, to da gaske yake.

Baba Dillali: Saura ɗaya. Ɗana, an raba gadon nan kuwa?

Ɗan Ƙofar Sauri: Gida da gona an raba, Baba. Dokin ne aka bari don ba wanda ya iya ɗaga maganar a gaban Hajiya.

Baba Dillali: To ka gani. Dubu 150 ɗin da kuke ta cewa a yafe don tausayi, ba taka ba ce kai kaɗai. Da haƙƙin marayu a ciki. Kuna tausayin doki kun manta yara.

Malam na Ƙofar Marusa: Wallahi Alhaji ka kama ni, ban tambayi wannan ba kuma shi ne farkon abin tambaya. Ba aro, ba kyauta, ba rangwame a dukiyar da ba a raba ba. Manyan magada suna iya yafe nasu, amma rabon ƙaramin yaro ba mai ikon yafe shi, ko mahaifiyarsa. Mafita ita ce a yi wa dokin ƙima ta gaskiya, a kan tayin da ya fi yawa, ka biya kowa rabonsa daga aljihunka. Daga nan ya zama naka, ka yi tausayinka da kuɗinka.

Autan Zaure: Ashe tausayin ma sai da jari.

Ɗan Ƙofar Sauri: Zan iya, in Hajiya da yayata sun ɗaga mani ƙafa zuwa ƙarshen shekara, na yaran in biya yanzu. Asabar zan je Batagarawa in ga turken. Dokta, ko za ki duba bakinsa kafin nan?

Dokta: Ka kawo shi Alhamis da safe, kada a ba shi hatsi kafin ku taho.

Baba Dillali: Ni har yanzu ina kan bakana, wanda ya sayar ya sayar. Amma ka biyo ta gida ka ɗauke ni Asabar ɗin. Kai za ka tsaya gaisuwa da shan fura, ni rumbun zan leƙa.