Muhawara: Hannun gwani ya isa, ko sai da sukudireba mai awon ɗauri?

Tsohon ma'aikacin lantarki: Salamu alaikum. Ni dai ra'ayina bai canza ba: sukudireba mai awon ɗauri, wadda kuke ce wa tok, kayan 'yan koyo ce. Wanda ya shekara talatin yana ɗaure waya a bireka, wato makunnin da ke katse wuta da kansa in ta yi yawa, hannunsa ya san inda noti zai tsaya.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Baba. Ba mai raina gogewarka. Amma hannu ba ya karanta lamba. Kamfanin da ya ƙera bireka yakan rubuta adadin ɗaurin da bakinta ke buƙata da niyuton-mita, wato ma'aunin ƙarfin murzawa, a jikinta ko a takardarta. In ɗauri ya gaza, wuta na wucewa da ƙyar a mahaɗar, wurin ya yi ta zafi har roba ta narke. Daga nan gobara ke tashi.

Tsohon ma'aikacin lantarki: To ai maganin sako-sako shi ne a ɗaure tamau.

Injiniya: Nan ne matsalar take, Baba. Tamau ɗin ma ɓarna ce. Yana murƙushe silin jan ƙarfen, ko ya cinye zaren notin, ko ya tsaga mazauninsa. Ranar za ka ja waya ka ji ta kafe, bayan wata shida na zafi da sanyi ta saki. Shi ya sa dokar aikin lantarki ta Amurka, a bugun 2017, ta ce duk inda mai ƙera kaya ya ba da adadi, a ɗaure da abin awo da aka daidaita.

Mai gyaran kwamfuta: Ina tare da Injiniya, sai dai kuna magana kamar iri ɗaya ce. Akwai wadda aka kulle a adadi guda tun daga masana'anta, ta masu harhaɗa kaya ce da ke maimaita noti ɗaya duk yini. Akwai wadda kake murza gindinta ka zaɓi adadi. Waɗannan biyun, da sun kai iyaka sai su sulluɓe, ko ka ci gaba da murzawa ba ƙari. Mai agogo da mai allon lamba kuwa nuna maka kawai suke yi, wasu su yi ƙara, tsayawa naka ne. Na taɓa tsaga allon na'ura da hannuna, ina ganin na iya. Tun ranar na daina gardama.

Ɗan koyo: Oga, injin huji mai batir fa? Shi ma yana da lambobi a wuyansa.

Mai gyaran kwamfuta: Waɗannan matakai ne kurum, ba niyuton-mita ba. Biyar a wannan injin ba ita ce biyar a wancan ba.

Tsohon ma'aikacin lantarki: Na ji. Amma ku amsa min wannan: wa ke auna mai awon? Na ga wadda ta faɗi ƙasa sau goma, mai ita yana ta dogara da ita ido rufe. Gara hannuna da wannan.

Injiniya: Wallahi a nan gaskiyarka ce, kuma ita ce maganar da ta fi nauyi yau. Sifirin ne a cikinta, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen nan da ke matsewa ya dawo, kuma yana gajiya. Ƙa'idar duniya ta kayan awon ɗauri, ISO 6789, ta ba da shawarar a sake gwada ta bayan wata 12 ko amfani sau 5,000, wanda ya riga zuwa. In ta faɗi, a gwada kafin lokacin. Mai canza adadi kuma a mayar da ita mafi ƙarancin lamba bayan aiki. Kada a kwance noti mai taurin kai da ita.

Ɗan koyo: Wacce zan fara saya kenan?

Injiniya: Don aikin wuta, mai canza adadi wadda ta ƙunshi lambobin da ke jikin kayan da kake ɗaurawa, mai rufin kariya daga wutar da ƙarfinta ya kai volt 1,000.

Tsohon ma'aikacin lantarki: Soket da makunni dai da hannuna zan ci gaba. Amma babban allon rarraba wuta, Injiniya, kawo taka gobe mu gwada a kan waɗanda na ɗaure, in gani da idona.