Aikin jarida kan makamashi da sauyin yanayi: ta ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Matashin ɗan jarida mai son ƙwarewa a labaran makamashi da sauyin yanayi, me zai fara koya? A ina aka fi yin tuntuɓe?

Amsa ta 1: Wa'alaikumus salam. Fara da ma'auni, ɗan uwa. Megawat ƙarfin tasha ne, megawat-awa kuma wutar da ta samar a zahiri. Tashar sola mai megawat 100 ba ta aiki da dare, shi ya sa a shekara galibi kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na cikakken ƙarfinta take bayarwa. Sanarwar kamfani adadin megawat za ta kawo maka, kai ka nemi na megawat-awa.

Amsa ta 2: Gaskiya ne. Sannan don Allah kada ka ɗora ambaliya ɗaya a kan sauyin yanayi kai tsaye, masana da matsakaicin shekara 30 suke auna yanayi. Wani lokacin toshewar magudanan ruwa ce ta jawo ɓarnar. Karanta taƙaitaccen rahoton IPCC (kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya), ka san Yarjejeniyar Paris ta 2015 da burinta na hana ƙaruwar ɗumamar duniya wuce digiri 1.5 a ma'aunin Celsius.

Amsa ta 3: Duk masanin da ka zanta da shi, binciki wanda ke ɗaukar nauyin aikinsa kafin ka buga maganarsa.