Wai baƙin ƙyalle zai riƙe bim ɗin da ya tsage?

Magini_Jidda:
Salamu alaikum 'yan uwa, masu ilimin gini don Allah ku taimaka. Muna shugul (aiki) a wata tsohuwar imara, wato gidan bene, nan Jidda, bim ɗaya (kankaren da ke kwance kan ginshiƙai yana ɗauke da dakin) ya tsage ta ƙasa har rodi ya leƙo duk tsatsa, ga mai gida yana so ya ɗora tankin ruwa a sama. Ni na ce a fasa a sake zuba kankare, muhandis (injiniya) ya ce a'a wai za a manna wani baƙin ƙyalle, kabon faiba, da gam. Wallahi hankalina bai kwanta ba, akwai iyalai a ginin fa

Injiniya_Riyad:
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka raina ƙyallen nan, zaren kabon ne, wajen jure ja ya ninka rodi sau da yawa kuma nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfe ne. Ka san kankare yana jure danni amma ba ya jure ja, shi ya sa bim yake tsagewa ta ƙasa a tsakiya, to nan ake manna shi da gam ɗin epoksi ya taya rodi aiki. In tsagar a karkace take kusa da ginshiƙi kuma sai a naɗe gefe da ƙasa kamar harafin U. Ba sabon abu ba ne, tun 1991 aka gyara gadar Ibach a Suwizalan da shi.

Kawu_na_Makka:
Ɗana duk gaskiya ne amma tsatsar nan ita ta dame ni, iskar Jidda gishirin teku ce da laima, in aka rufe rodi mai tsatsa zai ci gaba da kumbura a ciki ya ɓamɓare kankaren da ƙyallen gaba ɗaya. Sai an sassaƙe ruɓaɓɓen wurin, an kankare rodi tas, an cike, ya bushe, an goge da giranda an kashe kaifin kusurwa, sannan a zo maganar manni. Na ga inda aka yi gaggawa, da hannu muka ɗaye shi.

Injiniya_Riyad:
Haka ne Kawu. Sannan gam ɗin ba ya son zafi, wasu daga digiri 60 sun fara laushi, dole a rufe shi saboda rana da gobara. Malam ka ce muhandis ya nuna maka lissafin tankin, duk lita 1000 tan ɗaya ce.

Magini_Jidda:
Allah ya saka da alheri. Tankin lita 4000 ne, gobe in sha Allah ba za mu taɓa komai ba sai mun tokare bim ɗin da jak tukuna