Amshi ya zauna, baitoci sun ƙi fitowa

Assalamu alaikum 'yan uwa mawaƙa da marubuta, shawararku nake nema.

Ni nake rubuta waƙoƙina, ni nake biyan kuɗin sutudiyo, ba ni da ubangida. Waƙoƙin soyayya na saba yi, su kam ko a cikin adaidaita sahu sai in ɗinka baiti. Yanzu na ɗauko waƙa kan mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda tela ne. Amshi ya zo da kansa, mai kiɗa ya ɗora fiyano da kalangu, amma baitoci sun cije.

Ƙafiyar da na zaɓa, wato amon da ake maimaitawa a ƙarshen layukan waƙa, tana ƙarewa da "-wa". Da na tashi faɗin yadda yake kwana kan keken ɗinki a goman ƙarshe na azumi, sai ta ja ni zuwa kalaman da kowa ya sha ji. In na bi maganar, dogayen gaɓoɓi ba sa hawa kiɗan, sai na guntule su.

Shin in sauya ƙafiya a kowane baiti ne, ko in ajiye kiɗan in gama rubutun tukuna? In aka sake kiɗa, wani kuɗin ne kuma.