Gishirin Efsom a duron ƙanƙara: laifi na yi da aka mai da ni abin dariya?

Lamba Shida: Assalamu alaikum. Yau dai sai na faɗi abin da ke raina. Ranar Lahadi bayan wasan ƙwallo, da kuɗin aljihuna na sayi ƙanƙara bulo huɗu, na fasa a duron roba, na zuba gishirin Efsom kofi biyu, na shiga har ƙugu minti 12. Litinin na tashi cinyoyina sakayau, babu tsamin jikin da na saba kwana uku ina fama da shi. Amma da na zo atisaye sai yara suna nuna ni, wai ga wanda ya jiƙa kansa kamar tsamiya. Koci kuma a gabansu ya ce ɓarnar kuɗi ce. Abin ya yi min ciwo. Gishirin nan magnesiyam ne a cikinsa, yana ratsa fata ya saki jijiyoyi. Wanda bai gwada ba ya yi shiru.

Mai Tsaron Gida: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gishiri ai gishiri ne. Da ka ɗebo na miya a kicin, da canjinka na aljihunka.

Malamin Kimiyya: A'a, ba ɗaya ba ne. Na miya sodiyam ne da kilorin. Wannan magnesiyam ne da salfet, in ka lasa ɗaci za ka ji a harshenka. Sunan ma na wani gari ne a Ingila, Efsom, kudu da Landan, inda ake da wata maɓuɓɓuga mai ruwan ɗaci da mutane ke zuwa sha don wankin ciki. A 1695 wani likita, Nehemiah Grew, ya wallafa bayanin gishirin da ya fitar daga ruwan.

Ɗan Baya: To Malam, in ɗaci gare shi ai ba gishiri ba ne. Tun daga suna aka fara yaudararmu ke nan.

Malamin Kimiyya: A ilmin sinadarai gishiri sunan dangi ne, ba sunan abu ɗaya ba. Kanwa ma a dangin take, alif ɗin da ake tace ruwa da shi ma haka.

Ɗan Damagaram: Haba Malam, kanwa gishiri? Ka je kasuwa ka ce a ba ka gishiri, ka gani ko za a miƙo maka kanwa. Mu da raƙuman Balma ke sauka a ƙofarmu ba za a koya mana gishiri ba. Akwai kantu na dabbobi, akwai beza na mutane, kowanne da sunansa. Abin da ba ya shiga tukunya, dabba kuma ba ta lasa, ban yarda a kira shi gishiri ba.

Ɗan Baya: Allah ya yi maka albarka. Boko ya sa mutum ya manta da sunan kayan miyar gidansu.

Malamin Kimiyya: Ban manta da komai ba. Kai da kanka in cikinka ya ƙulle me kake aikawa a sayo maka a kemis? Gishirin Andurus. Karanta bayan takardarsa, wannan magnesiyam salfet ɗin yana ciki. Shi ma ka daina ce masa gishiri mana.

Ɗan Baya: Wannan ai sha ake yi, ba wanka ba.

Lamba Shida: Jama'a, ni ba suna na tambaya ba. Yana aiki ko ba ya aiki?

Koci: Tunda an ambace ni, bari in yi magana. Ƙanena, ban zage ka ba. Da ka fita daga duron ni na tsaya na karkata shi don a zubar da ruwan. Na sa hannu a gindinsa, sai na ɗebo fararen ƙwayoyi cike da tafina, kamar sukarin da bai narke a shayi ba. Kusan rabin abin da ka zuba yana nan kwance. Abin da bai narke ba ta ina zai shiga jikinka? Wannan na kira ɓarna, kuma har yanzu ina kan bakana.

Lamba Shida: Yaya, da ka ja ni gefe ka faɗa min haka ai da ban ji komai ba. Gaban 'yan ƙasa da shekara 17 fa ka faɗa.

Malamin Kimiyya: Abin da Koci ya gani gaskiya ne. Ruwan sanyi ba ya narkar da shi da wuri, sai a fara narkar da shi a buta da ruwan ɗumi sannan a juye. Amma ko ya narke tas, maganar ratsa fata ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Fata an halicce ta ne don ta tare abu. Binciken da masu sayar da shi suka fi kafa hujja da shi na Jami'ar Birmingham ne, mutum 19 kacal, kuma a ruwan zafi suka yi wankan, ba a ƙanƙara ba. A 2017 wasu masana suka bi diddigin binciken da aka yi a kan shigar magnesiyam ta fata, suka ce hujjar ba ta kai a dogara da ita ba. Sanyi kuwa tsuke hanyoyin jinin da ke kusa da fata yake yi. Sauƙin da ka ji, na fi zaton aikin ƙanƙarar ne. Ita an gwada ta: nazarin Cochrane (ƙungiyar masu tace binciken lafiya) na 2012 ya haɗa gwaji 17, ya ga tana rage tsamin jiki idan aka kwatanta da wanda ya zauna ya huta kawai.

Mai Tsaron Gida: "Na fi zaton." Ka ji fa. Duk dogon turancin nan a zato ya ƙare.

Anti Nas: Ku yi haƙuri in sa baki, abin ya shafi lafiya. Wannan sinadarin mun san shi sarai a ɗakin haihuwa. Shi muke yi wa mai ciki allura idan hawan jini ya kai ta ga jijjiga, kuma ya ceci mata da yawa. Amma allura ce, da awo, muna duba numfashinta da fitsarinta. Kada wani ya ji ana yabonsa ya dama ya sha, zawo zai sa shi, mai ciwon ƙoda kuma zai iya cutuwa sosai. Abin da ya fi damuna shi ne duron. A cikin yaranku akwai mai sikila? In akwai, don girman Allah kada ya shiga ruwan ƙanƙara, sanyi na tayar musu da ciwo. Mai ciwon zuciya ma haka. Kuma kada kowa ya shiga shi kaɗai ba mai tsaye a kansa.

Lamba Shida: Kun ji ko? Asibiti ma da shi suke aiki. Na gode Anti.

Anti Nas: Ƙanena, ba haka na ce ba. Allura daban, wanka daban.

Lamba Tara: Duk ku bar wannan. Ronaldo ya haura shekara 40 yana cin ƙwallo, kuma kowa ya san ba ya wasa da wankan ƙanƙara. Mu da wa za mu yi koyi?

Mai Tsaron Gida: Messi ya ɗauki kofin duniya a 2022, ka taɓa ganin sa a duro?

Lamba Tara: Don ba ka gani ba sai ya zama ba ya yi? Ku kullum sai kun sako kofin nan, ko maganar gishiri ake.

Ɗan Damagaram: Ba gishiri ba ne.

Malamin Kimiyya: Lamba Tara, tunda kai kake ɗaga ƙarfe, ka kula. A 2015 an yi gwaji a Ostireliya na mako 12: masu shiga ruwa mai sanyin digiri 10 na minti 10 bayan ɗaga ƙarfe, tsokarsu ba ta ƙaru kamar ta waɗanda ba su shiga ba. Bayan wasa mai zafi yana da amfani, amma kullum bayan ƙarfe ja da baya ne.

Lamba Tara: Malam, ka taɓa buga minti 90 a rana tsaka?

Ma'aji: Tunda ana maganar ɓarna, mutum bakwai ba su biya kuɗin wata ba, ciki har da masu dogon rubutu a nan. Ƙwallayenmu biyu sun fashe, raga ta yage. Wanda ke da kuɗin ƙanƙara bulo huɗu yana da na ƙungiya.

Lamba Shida: Ni na biya tun ranar 3 ga wata, ka duba littafinka kafin ka jefe ni da magana.

Ma'aji: Ban kama suna ba.

Koci: Ma'aji, wannan ka kawo shi ranar taro.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, na rufe. Na karanta komai daga sama har ƙasa, ga abin da aka tsayar. Malam ya tabbatar gishiri ne na musamman mai tarihi tun 1695, ba na miya ba, don haka masu dariya ba su da hujja. Anti ta shaida ana ceton rai da shi a asibiti. Bincike ya nuna duron na rage tsamin jiki, kuma Lamba Shida, wanda tare muka taso ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ya gwada a jikinsa ya ji daɗi. Kuskurensa ɗaya, bai narkar da shi da ruwan ɗumi ba. Ina ganin Koci ya kamata ya ba shi haƙuri a gaban yaran da aka yi abin a gabansu. Lahadi mai zuwa ni zan kawo butar ruwan zafi, Lamba Shida ya zo da sauran gishirin, mai sikila kuma ya sanar da Anti kafin ranar.