Abin da masu POS da ma'aikatan banki suka tattauna kan 'yan damfara da masu safarar mutane

A zaman da wasu masu POS na ƙauyukan Gumel da Maigatari suka yi da ma'aikatan banki, an fi daɗewa kan hayar asusu. Baƙo zai ba saurayi 'yan dubbai ya karɓi katinsa da layin wayarsa, kuɗin sata su riƙa bi ta ciki. Ranar da hukumar EFCC mai yaƙi da almundahanar kuɗi ta biyo sawu, mai BVN (lambar shaidar mai asusu a banki) za a kama, baƙon kuwa ya yi layar zana. Shawarar ita ce, in asusun manomin da ba ya motsi sai da kaka ya fara karɓar kuɗi daga garuruwa barkatai ana kwashewa nan take, a kira shi a tambaya.

An kuma ja kunnen masu POS kan dillalan da ke yi wa 'yan mata alkawarin aikatau a Saudiyya ko Libiya ta hanyar Agadas. Alamar da aka fi ambata: yarinya ta zo cire kuɗi, wani na tsaye a kanta, shi ke riƙe da katin, shi ke danna lambobin, ita ko ɗaga kai ba ta yi. Kada a yi gardama da shi, a sanar da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ko 'yan sanda. A ganina nan ne wuyar take, domin sau da yawa dillalin ɗan gari ne.

Batun 'yan damfara masu kiran waya da sunan banki bai ja lokaci ba. Banki ba ya tambayar lambar sirri, a riƙa maimaita wa dattawa haka da Hausa, musamman ranar kasuwa.